Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kalmomin Ingilishi Masu Cinye Uwar Kuɗin Ɗan Kasuwa

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san cewa Tamaske gari ne na matafiya. Wannan gari da ke cikin gundumar Keita ta jahar Tawa, da shi da maƙwabtansa na Buza da Madawa, sun daɗe suna tura 'ya'yansu bida da fatauci zuwa Sakkwato da Kano da Legas, da Kumasi da Akara, da Abijan, har Kamaru da Gabon. Albasar wannan yanki, musamman irin nan na Galmi da ya yi suna a duk Afirka ta Yamma, ita ma ba ta zama gida. Ana loda ta a kamiyo ta ƙetara iyakoki, mutanenmu kuma suna biye da ita. Fataken Nijar na cikin waɗanda suka riƙe cinikin albasa a Agbogbloshie da ke Akara shekara da shekaru, har lokacin da hukumomin Gana suka mayar da kasuwar Adjen Kotoku a shekarar 2021.

To sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. Ɗan abin da yawancinmu suka tsinta a lakwal ko a ofis Faransanci ne, alhali manyan kasuwannin da muke kai kaya a Najeriya da Gana da Ingilishi ake rubuta rasit, da shi banki ke aiko saƙo a waya, da shi kuma aka rubuta bayanin da ke jikin kwali da gwangwani. Bugu da ƙari, a watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya mayar da Hausa harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan ko mutum bai fita ko nan da Illela ba, Ingilishi zai ƙara biyo shi har gida.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, Ingilishi harshe ne mai tagwayen kalmomi, waɗanda kunne ke ji kamar ɗaya, amma ma'anarsu ta yi hannun riga. Ɗan makaranta in ya rikita su, maki biyu zai rasa a jarrabawa. Ɗan kasuwa kuwa in ya rikita su, uwar kuɗi ce ke tafiya, wani lokaci har da amanar shekara ashirin.

Sha biyar ko hamsin?

Bari mu fara da inda ciwon ya fi tsanani, wato ƙidaya. A Hausa babu yadda za a yi mutum ya rikita sha biyar da hamsin, ko sha uku da talatin, domin ba su yi kama ba ko kaɗan. Saboda haka kunnenmu bai saba tsayawa a nan ba. A Ingilishi kuwa sha uku thirteen ne, talatin thirty. Sha huɗu fourteen, arba'in forty. Sha biyar fifteen, hamsin fifty. Haka abin yake tafiya har zuwa nineteen da ninety, wato sha tara da casa'in. Tagwaye bakwai ke nan a jere, kuma dukkansu a tsakiyar farashin da muke ciniki a kai kullum suke.

Bambancin yana ƙarshen kalma. Ta goma sha ana jan ƙarshenta a rufe da harafin n, kamar a ce fiftiin. Ta gomomi kuwa ana danna farkonta a saki ƙarshen a gajarce, kamar a ce fifti. Malaman makaranta kan tsaya a nan, amma akwai abin da ba kasafai ake faɗa wa ɗalibai ba. Idan wata kalma ta biyo baya, kamar thousand ko bags, masu harshen da kansu sukan mayar da nauyin muryar zuwa farkon kalma, su kuma haɗiye n ɗin. Wato daidai wurin faɗin farashi, inda aka fi bukatar bambancin, a nan ne ya fi ɓacewa. Ƙara da ƙarar injin kamiyo da hayaniyar 'yan dako da layin waya mai yankewa, sai ka ga ko wanda ya yi digiri yana iya faɗawa.

A ce Alhaji yana zaune a Tamaske, yaronsa yana can kudu da buhu ɗari na albasa. Mai saye ya taya naira dubu fifteen kowane buhu, yaro ya ji dubu fifty, ya bugo waya da murna ya ce, Alhaji a sallama, kasuwa ta yi kyau. Tsakanin dubu 15 da dubu 50 akwai dubu 35. A buhu ɗari, naira miliyan uku da rabi ke nan. Kafin a gane an riga an sauke kaya, albasa kuwa ba gero ba ce balle a ce a mayar da ita rumbu a jira. Mai saye bai yi ƙarya ba, yaro ma bai ci amana ba, amma gobe a gaban sarkin kasuwa kowa rantsuwa zai yi, kuma kowa gaskiyarsa zai faɗa.

Maganin wannan ba ya bukatar lakwal. Masu harshen ma dabarar da suke yi ke nan: su warware lambar ɗaya bayan ɗaya. Sha biyar a ce one five, hamsin a ce five zero. Wanda ya fi wannan kuma shi ne a danna lambar a waya ko a na'urar lissafi a nuna wa juna, domin 15 da 50 ba su da yare.

Kalmomin bakin sikeli

Bayan ƙidaya sai kalmomin da ke yawo a bakin sikeli da tasha. Wait na nufin dakata, weight na nufin nauyi, kuma lafazinsu ɗaya ne sak. Sell shi ne sayarwa, sale ciniki ko rangwame, sail kuwa tafiyar jirgin ruwa. Price farashi ne, prize kuwa kyautar gasa, kuma da wannan ta biyun ce 'yan damfara ke aiko saƙo cewa wai mutum ya ci miliyoyi, ya fara turo kuɗin rajista. Piece guda ɗaya ne daga cikin kaya, peace zaman lafiya. Whole na nufin duka, hole rami ko huji. Week mako ne, weak rauni. Fare kuɗin mota, fair adalci. Direbobinmu kuma su lura da brake, wato birki, da break, wato karyewa ko hutu.

Akwai wasu uku da ya kamata duk mai ƙetare iyaka ya riƙe: free da fee da three. Ta farko kyauta, ta biyu kuɗin da ake biya, ta uku kuwa lamba uku. Harafi ɗaya tak ya raba kyauta da biya a rubuce. Haka nan a saƙon banki, account lambar ajiya ce, amount kuwa adadin kuɗi. Credit kuɗi sun shigo, debit kuɗi sun fita, debt bashi. Mai kaya da ya ji waya ta yi ƙara ya hango sunan banki ya saki kaya ba tare da ya duba wace ce daga ciki aka rubuta ba, ya sayar da kayansa a kan ƙarar waya. In ma an rubuta credit, a buɗe asusun a ga kuɗin da ido, domin saƙon bogi ya zama ruwan dare a kasuwannin Najeriya.

Harshenmu ma yana da nasa hannu a ciki. Hausa ba ta raba p da f ba, mu kuma mutanen Adar sau da yawa h muke faɗa a wurin da Bakano zai ce f. Saboda haka kalmomin da Bature ke ji daban, mu ɗaya muke jin su: full cikakke da pull jawo, fan fanka da pan kasko, fill cikawa da pill ƙwayar magani, four huɗu da pour zubawa. Wadda ta fi duka nauyi ita ce fork, cokali mai yatsu, da pork, naman alade. Duk mai sayar da abincin gwangwani ko madarar nama ta miya da aka shigo da ita daga waje, wajibi ne ya san siffar waɗannan haruffa huɗu ko da bai iya karatu ba.

Ga iyayenmu mata

Kada iyayenmu mata da ke zaune a rumfa su ce wannan zancen masu kamiyo ne. Kayan da kuke kasawa, yawanci daga Illela da Sakkwato da kasuwar Singa da Kantin Kwari na Kano suke fitowa, kuma da Ingilishi aka rubuta jikinsu. Soap sabulu ne, soup miya. Dye rini ne, die mutuwa. Paste abu mai kauri kamar tumatirin gwangwani, pest kuwa ƙwaro mai ɓarna, kuma a jikin maganin feshi ake ganinta. Dose adadin maganin da za a sha, dozen kuwa dozin, wato guda 12.

A jikin kwali akwai kwanan wata iri biyu da ke zaune kusa da juna. Wanda aka rubuta MFG ko MFD a gabansa ranar da aka yi kayan ce. Wanda aka rubuta EXP ko BB ranar da kayan ke tashi daga aiki ce. Hajiya da ta saro katon goma na madara ta duba na farko ta bar na biyu, tana iya wayar gari da kayan da ba su sayuwa, ko kuma, Allah Ya kiyaye, ta sayar wa jama'a abin da zai kwantar da 'ya'yansu. Masu atamfa kuma su tuna cewa yadi ba mita ba ne. Yadi ɗaya bai kai mita ba, santimita 91 ne da 'yan kai, don haka turmi mai yadi shida mita biyar da rabi ne, ba shida ba.

Wata kalma ma mun riga mun shigo da rikicinta cikin Hausa. Flour garin alkama ne, flower kuwa fure, kuma lafazinsu ɗaya. Da Hausawan Najeriya suka aro su, sai duka biyun suka zama fulawa. Shi ya sa mai fanke ke sayen fulawa a buhu, mai gidan gwamnati kuma yana ba fulawa ruwa a tsakar gida. Abin mamaki shi ne asalinsu ma kalma ɗaya ce, daga fleur ta Faransanci, domin lallausan gari shi ake ɗauka furen alkama. Sai daga baya Turawan Ingila suka raba rubutunsu.

Daga ina wannan rikici ya samo asali?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa harshen da ya mamaye duniya yake da wannan ruɗani? Dalilin yana cikin tarihi. A shekarar 1066 Normandawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi, suka cusa dubban kalmomin Faransanci cikin Ingilishi. A shekarar 1476 kuma William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, daga nan rubutun kalmomi ya fara daskarewa. Amma bakin mutane bai daskare ba. Lafazi ya ci gaba da sauyawa ɗaruruwan shekaru, rubutu yana nan inda aka bar shi. Haruffan gh da ke cikin weight, a da ana furta su daga maƙogwaro. Da aka daina, sai kalmar ta faɗa kan wait suka zama murya ɗaya. Wato rubutun Ingilishi hoton bakin kakanninsu ne, ba na jikoki ba. Ke nan idan kalmomin nan sun ruɗa mu, ba rashin basira ba ne. Su ma masu harshen suna faɗawa.

Tarkon mai Faransanci

Wanda ya yi lakwal a Keita ko Tawa yana da wani tarko na daban, domin yakan ga kalmar Ingilishi ya ɗauka tsohuwar saniyarsa ce ta Faransanci. Sale a Faransanci ƙazanta ce, a Ingilishi kuwa kanti ne ke shelar rangwame. Cent a Faransanci ɗari ne cur, a Ingilishi kuwa kashi ɗaya cikin ɗari na dalar Amurka, kuma lafazinta ɗaya da sent, an aika, da scent, ƙamshi. Mille dubu ne, mile kuwa mil na hanya, million kuma miliyan. Location a Faransanci haya ce, a Ingilishi wuri. Monnaie canji ne, money kuɗi gaba ɗaya. Abin da Faransanci ke kira milliard shi Ingilishi ke kira billion. A jikin maganin feshi kuma, poison guba ce a harsunan biyu, amma ƙarin s ɗaya a Faransanci ya mayar da ita poisson, wato kifi.

Har waƙafi da ɗigo ba su tsira ba. A takardar Kano ko Akara, 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, 1.5 kuma ɗaya da rabi. A takardar Yamai ko Abijan abin juyawa yake: 1,5 shi ne ɗaya da rabi, ana kuma raba dubbai da ɗigo ko da ɗan fili. Duk mai cika takardar duwan ko ta banki a ƙasashen biyu ya kamata ya tsaya ya tuna a wace ƙasa yake kafin ya ɗiga alƙalami. Ita kanta kalmar Turanci, a bakin mutanenmu da dama Faransanci take nufi, a Kano kuwa Ingilishi. Sai a aika yaro a ce ya iya Turanci, a je can a tarar ba wanda ake bukata ba ne.

Namu na gida

Kafin mu ɗora wa Bature laifi duka, mu waiwayi namu. A Tamaske dala tamma biyar ce ta sefa. Dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jikka kuwa dala ɗari biyu, wato sefa dubu. Amma ka je kasuwar canji ta Wapa a Fagge ta Kano ka ce dala ɗari, takardar Amurka za a ɗauka kana nufi. Jaka kuma a bakin dattawan Najeriya naira 200 ce, domin a da jaka fam ɗari ce, da aka sauya kuɗi a ranar 1 ga Janairun 1973 sai kowane fam ya zama naira biyu. Bahaushe biyu, harshe ɗaya, kalma ɗaya, amma kowa da lissafin da ke kansa.

A Gana ma haka ne. A watan Yulin 2007 aka yanke sifiri huɗu daga kuɗin ƙasar, tsohon sidi dubu goma ya koma sabon sidi ɗaya. Amma bakin 'yan kasuwa da dama bai bar tsohon lissafi ba, sai ka ji an ce one million alhali sidi ɗari ake nufi. Ita ma sefa iri biyu ce, ta bankin BCEAO da muke kashewa a nan da Abijan da Lome, da ta bankin BEAC da ake kashewa a Kamaru da Gabon da Cadi. Suna ɗaya, daraja ɗaya a takarda, amma mai tumatir a Madawa ba za ta karɓi ta Duwala ba, mai canji kuma sai ya cire nasa. Mudu da tiya da buhu su ma kowace kasuwa da girman nata.

Wannan ya nuna mana cewa gwanintar da ake bukata muna da ita tun a gida. Wace mace ce a kasuwa za ta rikita gari na zama da gari na tuwo, ko kuka na hawaye da kuka ta miya, ko wuya ta jiki da wuya ta wahala? A rubuce ɗaya suke, amma jan wasali da hawa da saukar murya sun raba su, kuma yaron goye ma ya sani. Haka kasa tumatir kashi-kashi daban, ƙasa da muke takawa daban. Kunnen da ya iya wannan, ba fifteen da fifty ne za su gagare shi ba, in dai an nuna masa inda zai saurara.

Abin yi

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce, kada a ƙulla ciniki da kunne kaɗai, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk farashin da aka faɗa da baki, a maimaita shi da lamba, a kuma ambaci sunan kuɗin: naira ce, sefa ce, ko sidi, kuma sabon lissafi ko tsoho. A faɗi ma'auni: buhu ne, kilo ne, yadi ne ko mita. Idan ta waya ce, bayan an gama magana a turo lambar a rubuce, a ajiye saƙon har sai an biya. Idan bashi ne a rubuta a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta.

Sannan a cire girman kai. Da yawa daga cikin asarar da ake tafkawa, kunya ce ke jawo ta, mutum ba ya so a ce Alhaji guda bai ji Turanci ba, sai ya gyaɗa kai a kan abin da bai gane ba. Matambayi ba ya ɓata. Inna da ke da jika a makaranta ta kira shi ya karanta mata jikin kwali kafin ta biya, ta kuma sa ya rubuta mata kalmomi goma ko ashirin da suka shafi sana'arta a bangon rumfa, tana kallonsu kullum har idonta ya saba da siffarsu. Ƙungiyoyin 'yan albasa da na mata 'yan kasuwa a Tamaske da Buza da Madawa su ma suna iya ɗaukar malami guda lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ya koyar da Ingilishin ciniki zalla, ba na jarrabawa ba. Kuɗin da za a biya shi a wata bai kai asarar buhu biyu ba.

Manomi ya sha sanyin hunturu yana ban ruwa, mata sun sha rana suna gyara da ɗuri, direba ya kwana a hanya, an biya duwan an biya 'yan dako. Bai kamata duk wannan gumi ya zube a kan harafin n guda ɗaya da aka haɗiye a waya ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da asara, amin.